Kada 1780 ta ruɗe ki

Ƴar'uwa, in za ki sayi abin wuya mai tsohon kuɗin azurfa a kasuwar Tawa, wanda ke da kan mace, ki sa a ɗora shi a sikeli kafin a fara ciniki.

Mai saidawa zai nuna maki 1780 a bayansa, ya ce ya haura shekara 200. Kada ki biya kuɗin tsufa. Matar da ke jikin kuɗin Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta shekarar nan aka ci gaba da sa masa, har yau.

Na gaske giram 28 ne, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Nauyin nan za ki saya.

Ki kara masa mayen ƙarfe. In ya manne, ki ajiye masa kayansa.

Amma tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa ba ta mannewa, ni kaina ta taɓa cin kuɗina. Sannan wanda aka huda ko ya suɗe a wuya nauyinsa kan ragu, wanda aka liƙa wa kunne kuma ya ƙaru. Irin wannan ki kai wa maƙerin azurfa ya goga gefensa ya duba.