Yadda Ake Zaɓen Doki da Shirya Shi Don Doguwar Tafiya

Dokin da ya cika ido ranar hawan sallah, ya yi ɓul-ɓul da ƙiba, sau da yawa shi ne ke fara sarewa idan tafiya ta yi nisa. Kitse yana riƙe zafi. Nemi doki mai matsakaicin jiki, zurfin ƙirji, manyan ƙofofin hanci, fata marar kauri da kofato mai tauri. Da wannan siffa dokin Larabawa ya mamaye gasar kilomita 160 a duniya. A nan gida, dokin Arewa mai jinin dawakin Barb na Arewacin Afirka da na Dongola ta Sudan ya saba da rana da harawa, kuma yana jure tafiya. Dawakin Ajantina da ake gani a filin folo na Kaduna kuwa, an horar da su ne su zuba gudu na minti 7 a sauya su.

Jini kaɗai ba ya kai doki ko'ina sai da horo, kuma kada a ɗora masa nisa kafin ya cika shekara 5. Makonni shida na farko kilisa ce kawai, tafiya da sassarfa, kilomita 5 zuwa 8, sau uku ko huɗu a mako, babu sukuwa. Daga nan a ƙara nisa ko sauri, kada a haɗa biyun a mako guda.

A nan masu doki suka fi yin ɓarna. Zuciya da huhu kan yi ƙarfi cikin wata biyu, amma jijiyoyin ƙafa da ƙashi sai sun ɗauki wata shida zuwa shekara. Doki zai riƙa jan linzami yana neman gudu alhali ƙafarsa ba ta nuna ba. Kowace safiya ka shafa bayan ƙwaurinsa. In ka ji ɗumi ko kumburi, a sauke sirdi sai ya warke.

Koyi auna bugun zuciya: ɗora yatsu a ƙarƙashin muƙamuƙi, ƙirga na daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. A hutu yakan kasance 28 zuwa 44 a minti guda. Bayan aiki, in bai sauko 64 cikin minti 15 ba, aikin ya fi ƙarfinsa.

A zafin Maris da Afrilu, fita bayan asuba. Doki na iya zubar da gumi lita 10 a awa guda, don haka kada a hana shi ruwa a hanya. Tsunkulo fatar wuyansa. In ta wuce daƙiƙa biyu ba ta kwanta ba, ruwan jikinsa ya ja baya. A ba shi gishiri kullum, kanwa ba ta maye gurbinsa.

Ciyawa da harawa su ne tushen abinci. Ranar hutu a rage gero da dusa, in ba haka ba tsoka kan ɗaure, fitsari ya yi duhu. Mai nufin dazukan kudancin Kaduna da damina ya fara ganin likitan dabbobi saboda tsando da sammore.