Kurakuran da aka fi yi wajen aikin katakon baƙin walnat

Baƙin walnat itace ne na gabashin Amurka, kuma jihar Misuri na cikin wuraren da ya fi yawa. Da shi ake yin tebura, kabad da ƙotar bindigar farauta, don yana da sauƙin sassaƙa, ba ya kuma yawan karkacewa idan ya bushe. Tsadarsa daga launinsa take, ruwan cakulan mai duhu, wani lokaci da ɗan shunayya-shunayya. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin kurakuran kafintoci a kan wannan launin suke faɗawa.

Tun wajen saye ake tafka na farko. Tsakiyar itacen ce mai duhu, gefensa na kusa da ɓawo fari ne kamar madara. Masana'antu da yawa kan turara katakon da tururi don farin ya ɗan yi duhu, sai duk allon ya koma launi ɗaya maras armashi. Ka tambayi dillali ko an turara shi. Ka ɗan kankare bakin allon, ka shafa jiƙaƙƙen tsumma, nan take ainihin launin zai fito. A kula kuma, wanda ake kira walnat na Afirka wani itace ne daban, ɗan dangin maɗaci.

Sai gaggawa. Kayan ɗaki na son katakon da laimarsa ta sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari. Wanda ya haɗa tebur da ɗanyen allo zai ga mahaɗa ta buɗe baki da zarar iska ta bushe.

Gam kuwa ba ya ɓoyuwa a kan katako mai duhu. Ɗigo ɗaya da aka manta zai hana man da ake shafa wa katakon shiga, ya bar tabo fari ƙal bayan an gama komai. A bar shi ya ɗan daskare, a ɗauke da kurfi, sannan a bi da samfefa.

Mafi ciwo a wurina shi ne a lafta masa rini mai duhu ko fenti. Me ya sa mutum zai biya kuɗin walnat ya rufe shi? Mai ko banish maras launi ya wadatar. Kuma kada a ajiye tebur a bakin taga, rana tana koɗe shi, a hankali ya koma ruwan zuma.

Dusarsa ma ba ta wasa ba ce. Ƙurar tana damun hanci da fata, don haka a sa takunkumi. Kada a shimfiɗa wa doki ita a barga, tana jawo kumburin kofato mai tsanani cikin kwana ɗaya. Itacen yana kuma da sinadarin juglon da ke kashe tumatir, saboda haka dusar ba ta shiga lambu.