Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa na'urar gem da waifai na gida

Da zarar wasa ya fara tsinkewa, abin da yawancin 'yan gem a Abuja ke yi shi ne su hau mota zuwa Banex, kasuwar kayan lantarki, su sayo sabuwar na'ura. A ganina bai kamata kuɗin nan ya bar aljihu ba tukuna. Mafi yawan matsalar haɗa PlayStation ko Xbox da intanet na gida ana magance ta da kebul guda, da sauya wa rauta (na'urar da ke raba waifai a gida) wurin zama, da taɓa saiti biyu ko uku.

Asarar farko ita ce sayen ƙaramar na'urar waifai ɗin nan da ake cusa wa kwamfuta ta kafar USB. PS4 da PS5 da Xbox One ba sa gane ta, domin ba su da manhajar da za ta tuƙa ta. Kuma ba su ma bukatarta, kowannensu da waifai ɗinsa a ciki ya zo. Cikin waɗanda suka zo babu shi akwai Xbox 360 na farko, kafin samfurin 2010, kuma shi ma kafar kebul da ke bayansa ta wadatar.

Sai masu cewa na'urarsu ta lalace don ba ta ganin sunan waifai ɗin gidan, alhali wayar hannu na gani. Lafiyarta ƙalau. Waifai na tafiya a kan zango biyu, 2.4GHz da 5GHz. PS3 da PS4 na farko, wanda ya fito a 2013, zangon 2.4 kaɗai suke ji. Sai a 2016 da PS4 Slim da Pro suka fito aka ƙara musu 5GHz. Tun da har yanzu ana sayar da tsofaffin na hannu a kasuwa, wannan matsala ta yi yawa. Shiga saitin rauta ka kunna 2.4, kuma ka ba kowane zango sunansa daban don ka san wanda ka hau. Idan hotsifot na waya kake amfani da shi, a Android akwai wurin zaɓen zango, a iPhone kuma ka kunna Maximize Compatibility. Ka duba tsarin tsaro ma: PS4 da Nintendo Switch na farko ba sa shiga sabon tsarin WPA3, mayar da saitin rauta zuwa WPA2.

Ga wanda na'urarsa ke jin duka biyun, 5GHz ya fi tsabta idan rauta na ɗaki ɗaya da kai, amma ba ya jure bango. Zangon 2.4 ya fi ratsa bulo, sai dai a gidajen haya na Kubwa ko Nyanya, inda kowane ɗaki da MiFi ɗinsa, cunkoso ya yi masa yawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raina kebul. Mutum zai ajiye rauta a ƙasa bayan talabijin, ko cikin durowa don kada yara su taɓa, sannan ya je ya sayi na'urar ƙara nisan waifai. Irin mai arhar nan da rediyo ɗaya take karɓa take kuma turawa, don haka kusan rabin gudun ya tafi, jinkiri kuma ya ƙaru. Kebul ɗin intanet irin Cat5e kuwa yana kai mita 100 ba tare da ya rage komai ba, bango bai dame shi ba, waifai na maƙwabci bai dame shi ba. Auna nisan da ke tsakanin rauta da inda kake wasa, ka sa a yanka maka daidai, a matse kawunan a gwada shi a gabanka kafin ka biya. Rautar da ke ɗaukar layin waya kuma wurinta kusa da taga, a sama, inda sabis ya fi ƙarfi. Kebul ne zai biyo ta zuwa falo. Idan akwai tsohuwar rauta a gida, duba ko tana iya kama waifai ta fitar da shi ta kebul, da yawansu suna yi. Gargaɗi ɗaya: kada a ja kebul ta waje daga wannan gini zuwa wancan a bar shi a sarari. Tsawar damina a Abuja ba abin wasa ba ce, tana iya bin waya ta ƙone rauta da na'urar baki ɗaya.

Wani kuskuren shi ne bin gudu. Za ka ji mutum na alfahari da megabit 80, amma ɗan wasansa na daskarewa a tsakiyar fili. Wasa da mutane ta intanet ba ya cin gudu mai yawa, 'yan megabit kaɗan sun ishe shi. Abin da yake so shi ne saƙo ya je ya dawo da wuri kuma kada ya riƙa hawa da sauka, wato ping. Wani ɓangare na jinkirin ba a hannunka yake ba: manyan wayoyin ƙarƙashin teku a Legas suke sauka, sabobin wasanni (manyan kwamfutocin da wasan ke gudana a kansu) da yawa kuma suna Turai ko Afirka ta Kudu. Amma ɓangaren da ke cikin gidanka kana da iko da shi. Idan ƙanwarka na loda bidiyo a TikTok, Hajiya na kallon YouTube, wayoyi uku na tura hotuna ajiya, dole wasa ya yi tangal-tangal. Ko ku yi yarjejeniyar lokaci, ko ka shiga rauta ka ba na'urar gem fifiko idan tana da wannan saiti. Batun canza DNS, wato saitin da ke nemo adireshin shafukan intanet, zuwa 8.8.8.8 kuwa, yana iya taimakawa idan shiga kantin wasanni ko asusu ke ba ka wahala, amma ba ya rage jinkiri a cikin wasa.

Sai NAT, wato yadda rauta ke raba adireshin intanet guda ga na'urori da yawa. Ka gwada haɗin, ka ga Type 3 a PlayStation ko Strict a Xbox, ba ka jin muryar abokanka, wasu ma ba ka iya haɗuwa da su. Mutane kan kwana suna buɗe ƙofofi a rauta bisa abin da suka gani a bidiyo, a banza. Kamfanonin layin waya yawanci suna tara kwastomomi da yawa a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ƙofar waje ɗaya: kai kana fita yadda kake so, amma baƙo ba shi da hanyar sanin ɗakinka. Abin da za ka iya yi kyauta shi ne ka kunna UPnP a rauta, saitin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa, kuma ka tabbatar ba ka jera rauta biyu kowacce na raba adireshi ba; ta biyun a mayar da ita mai miƙa sigina kawai. Idan bai canza ba, to daga kamfani ne. Tambaye su ko suna ba da adireshi na kanka da nawa ne, kafin ka sayi komai.

Data kuma ba wasan ke cinye ta ba. Awa guda ta wasa galibi ba ta wuce megabait ɗari ko ɗari biyu. Sabunta wasanni ne ke kwashe gigabait goma, ashirin, wani lokaci fiye, musamman idan ka bar na'urar a yanayin hutu tana saukewa da kanta cikin dare. Kashe saukewa ta atomatik, ka riƙa sabunta wasan da kake bugawa kaɗai. Tsarin da ake tallatawa da sunan mara iyaka ma karanta ƙa'idarsa, da yawa suna rage gudu idan ka kai wani adadi. Manhajar PS4 kanta ana iya sauke ta a inda intanet ke da arha a zuba a filas, cikin folda PS4, cikinta folda UPDATE. Ka kula ka ɗauki fayil ɗin sabuntawa, domin na sake girkawa yana goge duk abin da ke cikin na'urar. Kuma kafin ka zargi waifai, ka tuna a PS4 da PS5 wasannin da ake saya suna bukatar rajistar PlayStation Plus kafin a buga su da mutane, irin su Fortnite da eFootball ne ba sa bukata.

Ragowar kuɗin da ka tsira da shi, sa shi a ƙaramin batirin ajiya na rauta. Duba bayanta ka ga ko volt 9 take ci ko 12, ka sayi daidai da shi, don kada duk ɗauke wuta ko sauyawa zuwa janareta ta sa ka zauna jiran rauta ta sake kama sabis.