Kurakuran da Ke Fitar da Ɗan Kwangila Tun Kafin a Duba Farashinsa

Da yawa daga cikin kamfanonin da ke faɗuwa a neman kwangilar gwamnatin tarayya a Abuja ba tsadar farashi ce ke kayar da su ba. Tun a zagayen farko na tantancewa ake ajiye su gefe, ambulan ɗin farashinsu ko buɗe shi ba a yi. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007, a sashe na 16, ta ɗora wa mai nema nauyin nuna cewa yana da ƙwarewa, da kuɗi, da kayan aiki, da ma'aikata, kuma ya sauke haƙƙin haraji da na fansho. Kwamitin tantancewa ba ya ganin waɗannan da idonsa a ranar farko. Takarda yake gani, da ita kuma yake hukunci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jiran tallar kwangila kafin a fara neman takardu. Shaidar biyan haraji ta shekara uku, da ta hukumar fansho PenCom, da ta asusun horar da ma'aikata ITF, da ta asusun biyan diyyar ma'aikata NSITF, da shaidar rajista a kundin 'yan kwangila na BPP, hukumar da ke sa ido kan ba da kwangilar gwamnatin tarayya, kusan duk ranar 31 ga Disamba suke mutuwa. Kuma sarƙe suke da juna. PenCom ba za ta ba ka shaida ba sai ka nuna ka zuba kashi 10 na kamfani da kashi 8 na ma'aikaci a asusun fanshonsa, ka kuma yanki inshorar rai da ta kai ninki uku na albashin shekara na kowane ma'aikaci. NSITF na karɓar kashi ɗaya na albashin wata, ITF kashi ɗaya na albashin shekara. BPP kuwa sai ka loda sauran a shafinta sannan rajistarka ta sabunta. Wanda ya fara wannan zagayen bayan talla ta fito, makonnin da aka bayar ba za su ishe shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A watan Janairu ake zaunar da odita ya rufe lissafin bara, daga nan a bi haraji da fansho da sauran, BPP a ƙarshe.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma shi ya fi cin waɗanda suke ganin sun kammala komai: takardun duk suna nan, amma suna ƙaryata juna. Shaidar haraji ta ce cinikin kamfani a shekara naira miliyan 20, rahoton odita ya ce miliyan 200, saboda an rage wa hukumar haraji an kuma ƙara wa kwamiti. Takardar fansho ta nuna ma'aikata uku, kundin tarihin kamfani ya jera injiniyoyi goma sha biyu. Sunan kamfani a takardar hukumar rajistar kamfanoni CAC daban da yadda aka rubuta shi a wasiƙar banki. An sauya darakta shekara biyu da suka wuce, ba a sanar da CAC ba, sabon ne kuma ya sa hannu a takardar nema. Mai tantancewa da ya san aikinsa shimfiɗa su yake yi a tebur ɗaya yana kwatantawa, ba ɗaya bayan ɗaya yake karantawa ba. Ka riga shi yin hakan. Ɗauki farar takarda ka rubuta suna, lambar rajista, lambar haraji, adireshi, daraktoci, cinikin kowace shekara da yawan ma'aikata, sannan ka bi kowace shaida da su. Abin da ya saɓa, a gyara shi a hukumar da ta bayar, ba a shagon buga takardu ba.

Maganar shagon nan ba ta wasa ba ce. Akwai dillalan da ke cewa za su fito maka da shaida cikin kwana biyu, wasu na jabu suke kawowa, mai kamfani bai ma sani ba. Ma'aikatu na tuntuɓar hukumomin da suka bayar, PenCom ma tana wallafa sunayen waɗanda ta ba shaida. Laifukan da sashe na 58 ya lissafa, ciki har da amfani da takardun jabu, hukuncinsu ga kamfani shi ne a hana shi kwangila na aƙalla shekara biyar da tarar kashi 25 na darajar aikin, daraktoci kuma suna iya shan ɗauri. Duk shaidar da wani ya karɓo maka, ka tabbatar da ita da kanka kafin ta shiga ambulan.

Takardar rantsuwa ta kotu ma ana yi mata sakaci. Sai a ɗauko ta bara a yi mata hoto, alhali talla ta nemi sabuwa mai bayyana ko akwai jami'in wannan ma'aikatar ko na BPP da yake darakta ko mai hannun jari a kamfanin. Sunan ma'aikatar da ke cikinta dole ya zama na wadda kake nema a wajenta.

Wajen nuna gogewa, takardar ba da aiki ita kaɗai ba ta isa ba, domin abin da ta nuna shi ne an ba ka, ba ka gama ba. Haɗa ta da shaidar kammalawa, aikin kuma ya yi kama da wanda kake nema: gina ajujuwa ba hujjar shimfiɗa titi ba ce. Injiniyan da ka sa, lasisinsa na hukumar injiniyoyi COREN ya zama na bana, ya kuma san an sa sunansa, don an sha ganin mutum ɗaya a kundin kamfanoni uku masu takara da juna. Idan haɗin gwiwa ne, kowane ɓangare zai kawo takardunsa, tare da yarjejeniyar da suka sa wa hannu.

Ƙananan abubuwa kuwa: ambulan takardun cancanta da tsarin aiki daban, na farashi daban; lamunin banki da ake haɗawa da takardar nema, inda aka buƙata, ba ya wuce kashi biyu na farashinka; akwatin jefa takardun nema kuma idan an rufe, an rufe.

Jami'an tantancewa su ma suna da nasu kurakuran. Nauyin takardun nan gaskiya ne yana danne ƙananan kamfanoni, waɗanda kan kashe kuɗi mai yawa wajen hoto da ɗinke kundi iri ɗaya ga kowace ma'aikata, bayan duk an loda su a kundin BPP. Bai kamata a ƙara musu da sharaɗin da ba ya cikin talla ba, ko a nemi cinikin ɗaruruwan miliyoyi a kan aikin kawo kujeru. Haka nan cikar takarda ba ita ce iya aiki ba. Kafin a ba da babban aiki, a je ofishin a gani, a ƙirga motocin da aka ce akwai, a kira ma'aikatar da aka ce an yi wa aiki a baya.

Wanda yake ganin an fitar da shi ba bisa ƙa'ida ba, kada ya tsaya ƙorafi a harabar sakatariya. Yana da kwana 15 na aiki ya rubuta wa shugaban ma'aikatar, shi ma shugaban yana da kwana 15 na aiki ya amsa. In amsar ba ta gamsar ba, akwai kwana 10 na aiki a kai ƙorafin wajen BPP, wadda za ta yanke hukunci cikin kwana 21 na aiki, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. A sa ranar da aka miƙa, a kuma karɓi kwafi mai hatimin karɓa.