Kurakuran da Ake Yi Game da Gajiya da Motsa Jiki

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar noman damina a matsayin motsa jikin shekara gaba ɗaya. Manomi yana gama zuba hatsi a rumbu sai ya shafe rani a majalisa, kasuwar da yake takawa a da ma yanzu a babur yake zuwa. Idan ruwa ya sauka ya ɗauki fartanya, kwana uku sun isa su kwantar da shi, sai ya ɗora laifin a kan tsufa, alhali ƙarfin zuciya da na tsoka yana fara raguwa ne cikin 'yan makonni da barin aiki. Gyaran shi ne kada a yanke motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, kuma tafiyar sauri ta rabin awa, kwana biyar, ta cika mafi ƙarancin wannan adadi.

Wasu kuma sun ɗauka kwanciya ce maganin kasala. Jikin da ya saba da motsi, zuciyarsa tana tura jini mai yawa a kowane bugu, tsokarsa tana cin moriyar iskar da aka shaƙa, barcinsa kuma yana yin nauyi, shi ya sa aikin da yake sa wani haki ba ya girgiza shi. Uwargidan da injin niƙa ya ɗauke mata daka tana iya zagaya tsakar gida da sauri na minti 10, tana ƙarawa kowane mako.

Abin da ya fi damuna shi ne haɗin ƙwayoyin da matasa suke saye a kemis da sunan maganin gajiya. Tsamin jiki na kwana biyu ko uku bayan sabon aiki yana wucewa da kansa, amma yawan shan diclofenac, wani maganin rage ciwo, yana yi wa ciki da ƙoda illa, tramadol kuma idan ya kama mutum barinsa yana da wuya.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, a fita bayan asuba ko bayan la'asar, a kuma riƙa shan ruwa. Gajiyar da ta zo da jiri, kumburin ƙafa, yawan fitsari ko ciwon ƙirji kuwa, ba wadda tattaki zai magance ba ce. A je asibiti a auna jini, musamman mai juna biyu, domin ƙarancin jini da ciwon sukari sukan fara nuna kansu ta haka.