Yadda ake hawa jirgin dutsen Darjeeling: na tururi ko na dizal?

In Allah ya kai ka arewa maso gabashin Indiya, jihar West Bengal, akwai wani ɗan jirgin ƙasa da tun 1881 yake hawa dutse zuwa Darjeeling, faɗin layinsa ƙafa 2 kacal. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya a 1999. Kan jirgi iri biyu ke aiki a layin, na kwal mai tururi da na dizal, kuma nan mutane ke yin kuskure wajen yankan tikiti, sai sun zauna su ga ba wanda suka zo nema ba ne.

Doguwar tafiya daga New Jalpaiguri zuwa Darjeeling kilomita 88 ce, kuma na dizal ne ke jan ta. Wajen awa 7 take ci, wani lokacin ma ta wuce, mota ta fi shi sauri nesa ba kusa ba, don haka in sauri kake kar ma ka fara. Daga tashar Sukna hawan ke farawa. Ka zuba ido sosai a nan, akwai wuraren da dutsen ya miƙe da yawa sai jirgin ya tsaya cak, a juya masa layi, ya koma da baya yana hawa, ya sake tsayawa sannan ya yi gaba, kar ka ɗauka lalacewa ya yi, haka aka tsara hanyar. A Kurseong kuwa ta tsakiyar kasuwa yake ratsawa, dab da shagunan mutane har kana jin in ka miƙa hannu za ka taɓa kayansu.

Na tururi kuma gajeriyar tafiya yake yi, Darjeeling zuwa Ghum ya dawo, kamar awa 2. Shima wannan zagayen akwai na dizal, kuma ya fi araha, saboda haka ka duba da kyau a shafin IRCTC, inda ake sayar da tikitin jiragen ƙasa na Indiya a intanet, kafin ka biya, ka kuma yanka da wuri don kujerun kaɗan ne. Ni dai shawarata ka ƙara kuɗin ka hau na tururin. Kawunan nan an ƙera su ne tsakanin 1889 da 1925, yawanci a Birtaniya, har yau suna aiki, ana gyaransu a Tindharia, wani gari da ke kan layin. Kana zaune za ka ji yana nishi kamar tsohon da ya ɗauko kaya, ga ma'aikata maƙale a gaban kan jirgin suna barbaɗa yashi a kan dogo da hannu don kar ƙafafun jirgin su yi santsi. Dizal ba ya ba ka wannan.

Amma fa kar ka sa fararen kaya. Garin kwal na shigowa ta taga, ya sauka a wuyan riga, ya shiga ido, tabarau zai taimaka. Ka riƙe rigar sanyi, Ghum na kan tsayin mita 2,258, ita ce tashar jirgin ƙasa mafi bisa a Indiya, kuma hazo bai cika barin ta ba.

Jirgin na ɗan tsayawa a Batasia Loop, inda layin ya nannaɗe ya zagayo kansa, aikin 1919. In gari ya washe daga nan ake hango dutsen Kanchenjunga, na uku a tsayi a duniya, shi ya sa jirgin safe ya fi. A Ghum ma ana tsayawa, akwai ɗan gidan tarihi na jirgin a tashar, leƙa ka fito kafin a busa usur.

Damina kuwa, Yuni zuwa Satumba, ƙasa na zaftarewa ta rufe layi, a kan soke doguwar tafiyar gaba ɗaya. Oktoba da Nuwamba sun fi, ko kuma Maris zuwa Mayu.