Darasi na 7: Duna ya fara ɗaga ƙafa a cikin gida

Jama'a barkanmu da war haka. Darasin yau na san wasu za su yi dariya su ce malam ya rasa abin koyarwa sai fitsarin kare, to ku yi dariyarku amma ku karanta, don gidaje nawa ne nan Tawa ke da kare saboda awaki da moto da ɓarayin dare, kuma kusan kowa ya taɓa cin karo da abin ga. A takarda za ku ga na rubuta fitsari, mu nan Adar hitsari muke cewa, duk ɗaya ne, kowa ya karanta yadda bakinshi ya saba.

Wani maƙwabcina ne surukinshi ya kawo mishi kwikwiyo daga wajen Abalak, irin dogayen karnukan nan na Azawak masu siririn ciki da dogayen ƙafafu da Buzaye ke kiwo, yara suka sa mishi suna Duna don bakinshi baƙi ne. Wata shida na farko lafiya lau, kare ya san lungunshi can bayan garken awaki, nan yake zuwa ya tsuguna ya yi abinshi. Yana shiga wata na bakwai sai hali ya sake. Yau tayar moto, gobe gindin buhun hatsi a zaure, jibi ya ɗaga rido ya shiga salo ya ɗiga wa ƙafar kujera, kuma ba wani fitsari mai yawa ba, ɗan tsit haka kamar cokali biyu, ya wuce abinshi yana kaɗa wutsiya. Ranar da abin ya ɓaci ita ce ranar da ya samu tabarmar sallar maigida an naɗe an jingina ga bango.

Uwargida ta ce, "Malam, wanga kare ko ni ko shi cikin gidan ga, kullum ni ka wanki."

Ya ce, "Ki yi haƙuri, yau zan koya mai hankali."

Ya kama Duna ya goga mishi hanci a wurin, ya zabga mishi tsumagiya. Kwana uku ba a ga komai ba, ana ta murna, ashe kare bai daina ba, ya dai koyi kar ya yi gaban maigida, sai an tafi masallaci ko ana barcin rana ya bi ya ɗiɗɗiga. Ga shi kuma yanzu in maigida ya shigo sai ya maƙale ƙarƙashin amalanke yana rawar jiki, karen da aka kawo don gadi.

To ga abin da nake so ya zauna muku a kai. Ku da kuka zo nan koyon rubutu, shi ma Duna rubutu yake yi. Fitsarin nan ɗan kaɗan da yake sawa jikin abu mai tsaye sa hannu ne, yana cewa nan wurina ne, ni namiji ne, na girma. Wani kare in ya zo ya sansana ya karanta, ya gane wa ya wuce nan, namiji ne ko mace, da daɗewa ko yanzu-yanzu. Hancin mutum yana da ƙwayoyin jin wari kamar miliyan 5 ko 6, na kare ya haura miliyan 200, shi ya sa wurin da kika wanke kika ce fes shi yana ganin rubutunshi ɓaro-ɓaro, sai dai ya ɗan dushe, sai ya zo ya sake bin layi kamar yadda kuke bin alli a allo in ya goge. Ba ƙeta ba ce, ba raini ba ne, balaga ce. Yawancin karnuka maza tsakanin wata 6 zuwa wata 12 suke balaga, lokacin ne suke fara ɗaga ƙafa.

Sai ku bambance abu biyu. In kare ya tsaya ya saki fitsari mai yawa har ya kwanta a ƙasa, wannan mara ce ta cika, ko an rufe shi ya daɗe ko tun farko ba a koya mishi wuri ba. In kuwa ɗan kaɗan ne, jikin bango ko buhu ko ƙafar gado, wuri uku wuri huɗu cikin ɗan lokaci, bayan ya gama sansane-sansane, wannan alama ce yake sawa. Akwai na uku wanda ba na wasa ba ne, shi ne ciwo. In kun ga jini a fitsarin, ko yana yunƙuri yana kuka abu na fita ɗis-ɗis, ko yana shan ruwa fiye da ƙima, ko yana jiƙa wurin kwanciyarshi cikin barci, ku bar maganar horo ku kai shi wurin likitan dabbobi a ofishin kiwo, wanda muke ce wa elbaj. In fitsarin ya tsaya cak ba ya fita sam to ranar nan za a kai shi, ba a kwana da wannan. Kuma don Allah kar a ba kare farasitamol ko ibuprofen na mutane wai a gwada, suna iya lalata mishi hanta da ƙoda.

Me ke tayar da abin? Baƙon wari. Sabon buhu daga kasuwar Lahadi wanda Allah kaɗai ya san karnuka nawa suka bi ta gefenshi, tayar moto da ta taka ko'ina cikin gari, takalmin baƙo, jakar wanda ya dawo daga tafiya, sabuwar matala, har haihuwa in an yi a gida da masu zuwa barka suna ta shige da fice. Babba a cikinsu kuwa karya ce in ta shiga lokacin barbara a unguwa, abin kan ɗauki mako biyu zuwa uku, duk mazan layin hankalinsu tashi yake. A gidan maƙwabcina da muka bincika haka ne ma, akwai karya gida na uku, kuma karnukan waje suna zuwa da dare su yi wa ƙofar gidan fitsari, shi kuma Duna yana ba su amsa daga ciki.

Yanzu wanki, nan ne mata suka fi shan wahala kuma nan ne aka fi yin kuskure, don haka zan daɗe a kai. Mu nan mazhabar Malikiyya muke bi, kuma a wurin malamanmu fitsarin kare najasa ne, ana gusar da shi da tsabtataccen ruwa wanda ba a gauraya da komai ba har sai launi da wari sun tafi. Wanki bakwai ɗin nan da kuke ji ana faɗa na ƙwaryar da kare ya sa baki ya sha ne. To wannan ya gama maganar tsarki, amma bai gama maganar hancin Duna ba. Ga yadda nake yi. Da farko a sa tsumma a tsotse fitsarin, dannawa ake yi, in aka goga sai a ƙara baza shi. Sai a kwarara ruwa sosai a wanke, a bi da Omo ko sabulu, a ɗauraye. Bayan nan a haɗa binegar fari, irin na salati da ake sayarwa a butik, kofi ɗaya da ruwa kofi ɗaya, a jiƙa wurin a bar shi kamar minti 10, in ya sha iska a barbaɗa bikarbonat a bar shi ya kwana a share da safe. Tabarma ko darduma a shanya ta a rana, rana kam Allah ya hore mana ita kyauta. In kan karo ne ko siminti mai santsi abin da sauƙi. In ƙasa ce ko gindin bangon laka to ruwa shigar da shi ciki kawai yake yi, gara a kankare ƙasar wurin a zubar can nesa a zuba sabon rairayi, bangon kuma a kankare a yi mishi ɗan yaɓe.

Ruwan jabel fa, wanda ake sa wa farin kaya a wanki don su yi fari? Na san shi ne abin da hannu ke fara kaiwa gare shi. Kar a zuba jabel kan fitsarin da ba a wanke ba, haɗuwarsu na tayar da iska mai yaji da ke shaƙe ƙirji da sa hawaye, balle a ɗaki rufe da yara a ciki. Kuma kar a kuskura a haɗa jabel da binegar, wannan ya ma fi muni, guba ce ke tashi. In dole sai an sa jabel to a wata rana daban, bayan an ɗauraye wurin da ruwa ya bushe. Duk wani maganin goge-goge mai warin amoniya shi ma a bar shi, don tsohon fitsari amoniya yake zama, kenan kin goge rubutun Duna kin rubuta mishi na wani kare a wurin, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Turaren wuta kuwa mu yake ruɗa, shi ko a jikinshi. Wanda ya yi wankin ya wanke hannu da sabulu, in yana da rauni a hannu ya sa leda, akwai cutar da ake ɗauka ta fitsarin dabbobi.

Sai rufe hanya. Ni ra'ayina, kuma ba na ɓoyewa, kare ba shi da aiki a salo ko ɗakin kwana, tsakar gida da bakin garke sun ishe shi, rido kuma ba ƙofa ba ne. A ja ƙyaure, in babu a gitta katako ko guntun kwano. Tabarmar salla a rataye ta ga ƙusa, buta da buhun hatsi a ɗora kan dutse ko tebur, sabon kaya kar a ajiye ƙasa ranar farko. Bakin ƙofar gida ta waje ma a riƙa wankewa tunda daga can ake aiko mishi da wasiƙa. In babu mai sa ido a kanshi a ɗaure shi a inuwa da igiya mai tsawo da ruwanshi a gefe. Wasu suna hana kare ruwa wai don fitsari ya ragu, wannan zalunci ne, a zafin Afrilu da Mayu da muke haura digiri 40 kashe shi kawai za a yi, kuma alamar da yake sawa ɗigo kaɗan take buƙata, ko bai sha ba zai samo.

Tunda ba za a iya cire mishi son rubutu ba sai a ba shi allo. A kafa guntun icce ko a ajiye tsohuwar taya can lungun da aka yarda, a ɗauko tsumman da aka tsotse fitsarinshi a goga a jiki. Da asuba, da bayan ya ci tuwonshi, da in ya tashi barci, da kafin a kwanta, yaro ya ja shi zuwa wurin. Yana ɗaga ƙafa yana saukewa a ce madalla Duna a miƙa mishi ɗan guntun kilishi mara yaji ko ƙanzo, a take, don kan kare ba ya haɗa lada da aikin da ya wuce, daƙiƙa biyu uku ne. Dalilin da ya sa duka ba ya aiki kenan, ka dawo daga kasuwa ka ga jiƙa ka hau shi da sanda, shi a wurinshi dawowarka ce ta jawo duka. In an kama shi yana sansanar ƙafar kujera yana shirin juya gefe, tafi ɗaya da "kai!" sun isa, a ja shi waje wurin iccenshi, in ya yi can a ba shi ladanshi. Wata dabara kuma, wurin da ya nace wa a tsakar gida, bayan an wanke a riƙa ajiye mishi kwanon abinci nan, kare ba ya son ɓata inda yake ci. Da yamma a fita da shi da igiya ya zaga, ya sa hannu jikin itatuwan hanya son ranshi, wanda ya gaji a waje ba ya dawowa da ƙarfin bin bango.

Maganar fiɗiya, mutane na tambaya. Tana rage abin, amma ba ga kowane kare ba, binciken likitocin dabbobi a Amurka ya nuna kamar rabin karnukan da aka yi wa ne suka rage ko suka daina yi cikin gida, kuma wanda ya daɗe yana yi har ya zama mishi sabo ya fi wuyar bari. Mai so ya fara jin ta bakin malaminshi, sannan aikin likita ne da allurar kashe zafi, ba a yi wa kare dandaƙa a gida irin ta bunsuru. In an je a haɗa da rigakafin haukan kare, tun yana wata 3 ake fara ta.

Duna dai sai da aka yi kusan wata biyu ana fama, ya yi kuskure sau uku ko huɗu a tsakani, na ƙarshe ranar da baƙi suka zo daga Konni suka ajiye jaka a zaure. Babban yaron gidan ne ya ɗauki aikin fita da shi, har uban yana mishi tsiya wai ya samu aboki, shi kuma ya ce, "Baba ai ku kun ka ce a bar dukanshi, to sai yawo."

Aikin gida. Ku kwafi kalmomin ga sau uku-uku a kaye, ku lura da ƙ mai lanƙwasa da k mara lanƙwasa: kare, ƙafa, kwikwiyo, ƙofa, karya, ƙarya. Biyun ƙarshe ku karanta su da ƙarfi ku ji bambancin, kar wani ya rubuta wa maƙwabcinshi cewa ƙaryarshi ta shigo gidanmu. Lissafi kuma, kwikwiyon da aka haifa farkon watan Maris, a wane wata zai cika wata 6? In za a jiƙa wuri da haɗin kofi 6, kofi nawa ne binegar, nawa ne ruwa? Mai kare a gida ya zaga yau da yamma ya ƙirga wuraren da karen ke ɗigawa, ya rubuta sunan kowane wuri da abin da ke ajiye a nan, ya zo mana da takardar ranar Talata.